Zaɓen da Muka Yi a kan Kusurwar Hoto

A shekarar da sojoji suka yi alkawarin mayar da mulki hannun farar hula, yatsana bai rabu da tawada ba. Kafin ta wannan zaɓe ta goge, an kira wani. Abin ya shiga jikin mutane har ya zamana ko shayi za a dafa a buronmu, wato ofishinmu, sai wani ya ce a ɗaga hannu a ga masu son sukari da yawa.

Buron na wata ƙungiyar manoma ne a Gazawa, ɗaki ɗaya da baranda, ni ne kuma mai kula da shafinta na intanet. Kada mai karatu ya zaci wani babban abu ne. Shafi ɗaya ne tal: hoton shugaba a sama, sanarwa a ƙasa. Ranar rabon iri, ranar da masu allurar dabbobi za su zo, inda za a yi taro na gaba. Rassanmu biyar ne ke da kwamfuta, wato Gazawa, Agiye, Gidan Rumji, Sae Sabuwa da Cadakori, kuma a kowane reshe mutum ɗaya ne ke buɗe shafin ya karanta wa sauran. Huɗu daga ciki wani furoje na masu ba da agaji ya ba su sababbi kafin ya naɗe tabarmarsa. Ta biyar, ta Cadakori, ta kawuna ce, yayan mahaifiyata.

Kawu tsohon malamin lakol ne, wato makarantar boko. Kwamfutarsa irin mai ƙaton ƙeya ce, in an kunna ta sai ta yi nishi, ta yi tari, ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Burauzar da ke cikinta, wato manhajar da ke buɗe shafin intanet, ta tsufa har masu ita sun daina tambayar lafiyarta. Na yi ƙoƙarin sauya ta sau biyu. Na farko na jawo sabuwa ta rezon Cadakori, wato layin intanet ɗinsu, tun hantsi, ana kiran la'asar rezon ya yanke. Na biyu na kawo ta daga Maraɗi a kile, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, kwamfutar ta dube ta ta ce ba ta da wurin baƙo. Kawu ya ce in ƙyale masa abarsa, sun saba da juna.

Duk ranar kasuwa yakan sa a fito masa da ita ƙofar zaure, a jona ta da batirin mota, ya ɗora tabarau, ya ɗauki tsohuwar sandar da yake nuna allo da ita. Mutane su cika bencina biyu, wasu su tsaya, masu amalanken jaki su ja birki a bakin hanya. Shafin da faransanci yake, yana karanta shi a zuci, yana faɗa da Hausa, yana bin layi da sanda. Tun da ya bar lakol, wannan ne ajinsa, kuma babu abin da ya rage masa a duniya da yake ji da shi kamar wannan zaman.

Ni kuwa abin da nake ji da shi daban ne. Na je Maraɗi na yi mako biyu wajen wani horo, na dawo da sabon ado a kaina. An fara yayin lanƙwasa kusurwar hoto, a kuma sa masa inuwa a baya kamar an ɗaga shi daga takarda. Da na dubi shafinmu da kusurwoyinsa masu tsini, sai na ji kunya ta kama ni. Ina da niyyar neman aiki a Yamai, kuma wannan shafin ne kaɗai abin da zan nuna. Saboda haka na zauna na yi wa hoton shugaba inuwa mai laushi, shara-shara, wadda ana ganin farin shafi ta cikinta. A Gazawa ta fito gwanin sha'awa. Sakatare ya ce shugaba ya yi kama da minista.

Tsohuwar burauza ba ta san shara-shara ba. Abu a wurinta ko fari ne ko baƙi. Ranar kasuwa Kawu ya buɗe shafi, sai ga shugaban ƙungiya cikin baƙin firam mai kauri, yana murmushi. Kawu ya yi shekara talatin yana karanta jarida, ya san abin da baƙin firam yake nufi. Ya ajiye sanda, ya cire tabarau.

"Jama'a, ku yi salati," in ji shi. "Wanga baƙin layi ba a yi ma mai rai shi. Alhaji ya riga mu gidan gaskiya."

Aka buga wayar Alhaji, aka ji ta a kashe, domin tana wurin mai caji a kasuwar Agiye. Wannan ya ƙara tabbatar da magana. Ta'aziyyar babban mutum kuwa ba a yin ta ta waya, da ƙafa ake zuwa. Washegari da sassafe mutum bakwai suka hau moto, wato babur, zuwa Maraɗi, daga can suka shiga motar haya zuwa Agiye. Suka tarar da mamacin zaune a gindin bishiyar bedi yana dama fura da ludayi. An ce wanda ke gaba ya riga ya fara "Allah ya jiƙan" kafin ya ɗaga kai, kuma da ya ɗaga bai iya tsayawa ba sai da ya kai ƙarshe. Alhaji ma, saboda sabo, ya ajiye ludayi ya shafa fatiha tare da su.

Na zaci kora ta zo. Aka kira ni Agiye, na tafi. Na tarar Alhaji ya huce da maganar mutuwa, wani abin ne ke cin sa.

"Mutum bakwai," ya ce, yana nuna mini yatsu. "Shekara goma ina ma ƙungiyar ga bauta, in mutu, mutum bakwai! To ina 'yan Sae Sabuwa? Ina 'yan Gidan Rumji?"

Na ce, "Alhaji, su ai a kwamfutarsu kana da rai."

"Ko da ina da rai hwa, ba su zowa su gani?"

Har ya bar shugabanci bai yafe wa mutanen Sae Sabuwa rashin zuwa ta'aziyyarsa ba. Cadakori kuwa ta zama 'yar gaban goshi, duk rabon da za a yi da ita ake farawa.

Na cire inuwar. Amma aka kafa doka cewa daga yau babu sabon adon da zai hau shafi sai an tabbatar ba zai kashe kowa ba. Sai tambaya ta taso: wa zai tabbatar, kuma ta yaya? A ko'ina a duniya masu wannan sana'a da wannan tambayar suke fama. Sabon abu ya fito, wasu na'urori sun gane shi, wasu ba su gane ba, yaushe za ka ce ya isa a yi amfani da shi? Su can suna da jadawali da lissafi. Mu a waccan shekara muna da abin da ya fi jadawali, muna da dimokuraɗiyya sabuwa dal, ba mu ma cire ta daga leda ba. Alhaji ya ce a yi zaɓe.

Aka kira taro a Gazawa, kowane reshe mai kwamfuta ya aiko wakili ɗaya. Kafin ranar na yi kamfe, ba na ɓoyewa. Na zaga Agiye da Gidan Rumji da Sae Sabuwa a bayan kabu-kabu, wato babur ɗin haya, ina nuna wa mutane hoto mai tsini da hoto mai lanƙwasa, ina tambaya wanne ya fi kama da ci gaba. Wani dattijo a Gidan Rumji ya ce shi dai ya ga an rage wa Alhaji kafaɗa. Na ce ba kafaɗa ba ce, bango ne. Ya ce to a mayar masa da bangonsa. Cadakori ce kawai ban je ba, don na san abin da zan gani a can.

Ranar taro sakatare ya rataya tabarma a kusurwar baranda, ya ce nan ne ɗakin sirri. Ya ajiye tulu a bayanta. Gyaɗa na nufin a bi sabon ado muddin yawancin kwamfutoci sun gane shi, wake na nufin a jira har ta ƙarshe ta gane. Masu zaɓe biyar ne, kowa ya san kowa tun yana yaro, amma sakatare ya dage sai an nuna katin ƙungiya, sai an dangwala tawada. Direban da ya kawo Alhaji aka naɗa ɗan sa-ido, aka ba shi kujera da ruwan sanyi.

Kafin a jefa aka ba da damar magana. Na tashi na yi bayani mai tsawo. Na ce huɗu cikin biyar rinjaye ne ko a majalisar ƙasa. Na ce duniya ba ta jiran kowa. Na ambaci kalmar "zamani" fiye da sau goma, ina kallon sama don kada idona ya faɗa kan Kawu, wanda ya zo a matsayin wakilin Cadakori ya zauna a ƙarshen benci da hularsa a gwiwa.

Wakilin Sae Sabuwa ne ya tashi bayana. Manomi ne, amma kakanninsa makiyaya ne, kuma har yanzu yana da 'yan shanunsa.

"Ni ban san ordinata ba," in ji shi, yana nufin kwamfuta. "Amma in na kora shanu zuwa rijiya, ba ta gaba nika dubi ba. Akwai wata tsohuwa mai ɗingishi, ita ka faɗa man saurin da za mu yi. Kuma ina tambaya, inji muka ƙirga ko mutane? Wurinmu mu huɗu ka zama gaban allo. Wurin Malam kasuwa guda ka tsayawa."

Raina ya ɓaci, domin gaskiya ya faɗa, kuma ba ita na zo ji ba. Na ce ba a kan shanu ake taro ba. Sakatare ya duba takardunsa ya ce dokar taro ta ce reshe ɗaya ƙuri'a ɗaya, ba ta ambaci kasuwa ba, balle saniya. Alhaji ya juya ga Kawu ya ce, "Malam, kai ba ka ce komi ba." Kawu ya ce shi ya koya wa yara cewa abin da rinjaye ya zaɓa shi ake bi, ba zai zo da furfura ya warware ba.

Aka jefa. Da aka juye tulu sai aka ga ƙwaya huɗu maimakon biyar. Aka yi cirko-cirko, ɗan sa-ido ya miƙe tsaye. Bincike ya nuna wakilin Agiye ya shiga bayan tabarma, ya tsaya tunani, ya manta ya cinye gyaɗarsa. Sakatare ya soke zaɓen, ya ce a je zagaye na biyu, aka sake dangwala tawada a ɗaya hannun. Wannan karon gyaɗa huɗu, wake ɗaya.

Na ɗauka waken na Kawu ne, har na fara shirya fuskar da zan ba shi haƙuri da ita. Sai wakilin Sae Sabuwa ya ce da ƙarfi, "Waken ga nawa ne, a rubuta." Sakatare ya ce ya karya sirrin zaɓe. Wakilin ya ce a rubuta wannan ma. A nan na gane Kawu gyaɗa ya jefa, ya zaɓi abin ɗan ƙanwarsa a kan na'urarsa. Ya kamata a ce wani abu ya motsa a zuciyata. Abin da na ji shi ne daɗi, na ce a raina ashe har tsohon ya waye.

Akwai abin da na sani ban faɗa wa taron ba. Sabon ado iri biyu ne. Akwai wanda in tsohuwar burauza ba ta gane shi ba sai ta kau da kai ta wuce, kusurwa ta zauna da tsininta, babu wanda ya ji ciwo. Akwai kuma wanda in ba ta gane ba sai ta rikice, ta watsar da komai. Lanƙwasar kusurwa tana cikin na farko, kuma a kanta kaɗai mutane suka zaci suna zaɓe. Amma da na samu doka a hannu sai na rushe shafin gaba ɗaya na sake gini. Na raba sanarwa gida uku gefe da gefe, na sa kowace a akwatinta, na yi amfani da duk wata sabuwar dabara da aka koya mana a Maraɗi. Akwai 'yan layuka da ake ƙarawa don tsofaffin na'urori su samu abin kamawa, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Na ce zan yi gobe. Goben nan ta yi wata biyu.

A cikin watannin nan ban ji ƙorafi daga Cadakori ba. In na buga wa Kawu waya na ce yaya shafi, sai ya ce, "Shina nan lahiya lau, Allah shi yi ma albarka." Na karɓi wannan amsa da hannu biyu, ban tambayi ƙari ba.

Ana gab da shuka na shirya takardun neman aikin Yamai. Na ga zai yi kyau in haɗa da hoton jama'a suna kallon shafina, kuma babu inda ake taruwa kamar ƙofar Kawu. Na ari kyamara na tafi ranar kasuwa ba tare da na sanar da shi ba. Mai kabu-kabun da ya ɗauke ni daga bakin titi ya tambaye ni wurin wa za ni. Da na faɗa sai ya ce, "Malam? Ai ni ka kai shi Gidan Rumji duk jajibirin kasuwa. Da wagga gwiwa tashi mai ciwo, sai na ɗaga shi na aza bisa moto." Na tambaya ko asibiti yake zuwa. Ya ce a'a, buron manoma yake shiga, ya zauna gaban ordinata kamar awa guda yana motsa baki, su juyo. Kuma a hanya ba ya son a yi masa magana.

Na iso na tarar an cika. Bencina biyu, masu tsayuwa, amalanke uku a bakin hanya. Kawu na zaune da tabarau da sanda, muryarsa na tashi kamar kullum. Ya gan ni, ya ɗaga mini gira, bai tsaya ba. Na zagaya ta bayansa don in ɗauki allon da fuskokin mutane a hoto ɗaya.

Babu abin karantawa a allon. Akwatuna ukun sun hau kan juna, rubutu a kan rubutu, baƙi ƙirin kamar an zubar da tururuwa. Rabin fuskar Alhaji na leƙowa daga ƙasa. Ko ni da na rubuta ban iya fitar da kalma ɗaya ba. Kawu kuwa yana bin wannan tarkace da sandarsa daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, yana faɗa wa mutane cewa masu allurar awaki za su sauka a bakin rijiyar gabas, kowa ya zo da nasa ɗaure. Bai riƙe takarda ba, domin in aka ga takarda a hannunsa an gane. Haddacewa yake yi a Gidan Rumji ya ɗauko a ka.

Wani daga benci ya ce, "Malam, wannan ɗan naka ne mai yin abin?" Kawu ya ce, "Shi ne. Duk ƙasar ga babu mai hannunshi." Aka juyo ana kallona ana sa albarka, ni kuwa ina tsaye da kyamarar aro, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya gama sanarwa ta biyu ya shiga ta uku, wadda saboda ita aka cika haka. Ya ce za a raba irin gero mai saurin nuna a harabar reshe, kowa ya zo da katinsa da buhunsa, ranar... Sai ya tsaya. Sandar ta tsaya a tsakiyar allo. Wata mata daga baya ta ce, "Wace rana, Malam?" Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya jingino baya kaɗan har kafaɗarsa ta taɓa ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya juyo ba.

"Ɗana, Talata ko Laraba? Ta zube man bisa hanya."

Ni na buga wannan sanarwa da hannuna kwana uku da suka wuce. Na san yawan lanƙwasar kowace kusurwa ta akwatin da take ciki, na san lambar launin da na shafa masa. Ranar ce ban sani ba. Ban taɓa karanta abin da nake sawa a cikin akwatunan ba. Na fara laluben waya a aljihu don in buga wa sakatare, amma shirun ya riga ya yi tsawo, mutane sun fara kallon juna.

Kawu ya mayar da tabarau ya dubi jama'a. "Ku yi man haƙuri," ya ce. "Rubutu na nan sarai. Idona ne ya tsuhwa."

Aka yi ta cewa Allah ya ba da lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Na samu sakatare, ya ce Laraba, na faɗa da ƙarfi, aka watse. Ina jin wasu dattawa biyu suna tafe suna cewa ai Malam ya yi ƙoƙari, lokaci ya yi da za a hutar da shi.

Na roƙe shi ya bar ni in faɗa musu gaskiya. Ya ce in na yi haka kada in ƙara taka ƙofarsa. Washegari na koma Gazawa na ƙara layukan nan, ban kai awa ɗaya ba. Kasuwa ta gaba na sake zuwa Cadakori, shafin ya buɗe tsaf a tsohuwar kwamfutar, kowace kalma a wurinta. Amma reshen ya riga ya ba wani malamin lakol mai ƙuruciya karatun, don a tausaya wa idon Kawu. Kawu da kansa ya sa aka fito da kwamfutar, ya miƙa wa mutumin sandar, ya nemi wuri a ƙarshen benci ya zauna cikin masu sauraro.